Musayar Waƙa: Wa Ke Auna Tallafin Raya Ƙasa?

Ɗan Alƙalami: Tun 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa ƙasashe masu arziki su riƙa ware kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigarsu domin tallafi, kuma har yau ƙalilan ne suka cika. Ni kuwa damuwata tana kan abin da kuɗin suka haifar.

Kuɗi sun fito, an rubuta a takarda,
An kafa famfo, an ɗauki hoto an watsa,
Bayan shekara biyu wa ya koma ya duba,
Ko ruwa na zuba, ko kuwa tsatsa ta kama?

Malama Tsinkaya:

Ƙanena, kana ta kuka kan famfo guda,
Ka manta agana da ta cinye al'umma,
A 1980 aka ce ta kau daga duniya,
Haɗin gwiwa ya yi wannan, ba baitukanka ba.

Mai Sauraro: Allah ya ƙara basira, Malama. Duk wanda ya sake ɗaukar alƙalami bayan wannan baiti, taurin kai ne kawai yake damunsa.

Ɗan Alƙalami:

Yaya, rigakafi yana ƙirguwa, na yarda,
Amma wa ke biyan mai auna aiki, faɗa mana,
In ba wanda ya ba da kuɗin tun farko ba?
Mai cin albashi ba ya kushe uban gida.

A Faris, a 2005, an rattaba hannu cewa ƙasa mai karɓa ce za ta ja ragamar ayyukan, aka sake nanata haka a birnin Busan na Koriya ta Kudu a 2011, amma har yanzu akwai tallafin da ake ɗaure shi da sharaɗin sayen kaya da ɗaukar ƙwararru daga ƙasar da ta bayar.

Malam Mai Aruli: Ku yi mini afuwa. Malama, idan aka karanta shekarar da kika saka a ɗango na uku da baki, gabobinta kaɗai sun kusa cika ɗango, saboda haka karin ya karye. Hujja daban, waƙa daban.

Mai Sauraro: Malam, ɗangon ƙaninta na biyu ma ɗingishi yake yi, amma ba ka gan shi ba, domin mun san inda ka karkata.

Malam Mai Aruli: Nasa zihafi ne, wato ɗan sauyi a cikin kari, da malaman aruli suka halatta, nata kuwa karaya ce.

Malama Tsinkaya: Malam, zan dawo kanka. Ƙanena, ma'aunin da kake nema yana nan, kuma a kansa masana tattalin arziki Banerjee da Duflo da Kremer suka sami kyautar Nobel a 2019. A Kenya an kwatanta makarantun da suka sami taimako da waɗanda ba su samu ba tukuna.

An ba wasu, an bar wasu, aka gwada,
Littafi bai ɗaga makin yawancin yara ba,
Maganin tsutsar ciki ya rage fashin makaranta,
Wannan awo ne, ƙanena, ba zato ba.

Ɗan Alƙalami:

Kin auna ƙwaya, kin auna aji guda,
Da me za ki auna gwamnatin da ta kwanta,
Ta bar wa baƙi asibiti da makaranta?

Baba Dattijo: Na iso a makare, 'ya'yana. Burtaniya ta sauko daga 0.7 zuwa 0.5 a 2021, Amurka kuma ta rufe USAID, hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, a 2025 bayan ta yi aiki tun 1961.

Kuna gardamar ma'auni da tsawon ɗango,
Mai bayarwa ya ja zaren jakarsa,
Bai ware aikin da ya yi kyau da wanda ya gaza ba,
Mai jiran magani shi aka bari a ƙofa.

Malam Mai Aruli: Baba, ranka ya daɗe, ɗangonka na farko ya saki amsa-amo, amma saboda girmanka na kau da kai. Malama, har yanzu ina jiran gyaran ɗango na uku.