Tikitin gudu na 2021 ban je kotu ba, ga tafiya Kano ta matso. Ya zan gano ko akwai waranti a kaina?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. A 2021 ɗan sandan jiha ya ba ni tikitin gudu, wato takardar laifin gudun wuce ƙima da mota, a hanyar I-45, tsakanin Houston da Dallas a jihar Texas ta Amurka. Na sauya gida, takardar ta ɓace, ban je kotu ba. Katin zaman dindindin gare ni, kuma nan da mako uku zan je Kano bikin ƙanwata. Na duba shafin sherif (shugaban 'yan sandan gunduma) na gundumar Harris, inda Houston take, ban ga sunana ba. Shi ke nan ba komai, ko in kira kotu? Tsorona kar kiran ya tona min asiri.

Baba Direba: Wa alaikumus salam. Ba shafinka ka duba ba, ɗana. Gunduma 254 ce a Texas, kowace da kundinta, kuma na sherif ɗin Harris warantin ƙananan laifuka na ajin A da B na cikin Harris yake nunawa. Gudu ajin C ne, tara ce kawai. Tunda ɗan sandan jiha ya rubuta, maganar tana kotun JP, wato ƙaramar kotu, ta gundumar da aka tsayar da kai. Da na gari ne, sai kotun birni. A kan hanyar nan akwai Montgomery, Walker, Madison, Leon, Freestone, Navarro da Ellis. Fara da shafin Texas Failure to Appear, na waɗanda ba su halarci kotu ba: sa lambar lasisinka da ranar haihuwa. In kotun ta kai rahotonka, za ka ga sunanta da lambar shari'a. Ba kowace kotu ke ciki ba, in bai fito ba sai ka bi magatakardan kotunan da waya ɗaya bayan ɗaya.

Sadiq IT: Ka buɗe PACER, shafin takardun kotu, kawai, senti 10 ne kowane shafi.

Maman Ikram: Sadiq, PACER na kotunan tarayya ne, me ya haɗa shi da tikitin gudu? Kafin wani ya kawo maganar takardar FBI ta dala 18, ita ma tarihin kamun da aka ɗauki zanen yatsa take nunawa, ba da ita ake neman waranti ba. Babban rumbun bayanan laifuka na ƙasa, NCIC, kuwa jami'an tsaro kaɗai ke shigarsa. Shafukan da ke karɓar kuɗi duk wata su ce za su bincika maka, tsofaffin bayanai suke kwasowa. Ɗan Fagge, in za ka nema ka gwada Muhammad, Mohammed, Mohamed, ka kuma juya sunanka da na mahaifinka, don yadda ɗan sanda ya rubuta haka kotu ta ajiye. Wurin ranar haihuwa, wata ake fara sawa kafin rana.

Alhaji Na Bronx: Ni dai kar ka kai kanka, kar ka kira. Ƙanin matata fitilar baya ce ta mutu aka tsayar da shi ranar Juma'a da yamma, ashe akwai warantin wata tsohuwar tara a wata gunduma. Aka sa masa ankwa yaransa na kujerar baya suna kallo, aka ja motar. Sai Litinin ya fito. Wurin ajiyar mota na lissafa masa kuɗi kullum, mai tsaya wa beli ya karɓi kashi goma da ba a mayarwa, wurin aikinsa suka ce kwana uku bai zo ba bai kira ba. Har yau bai farfaɗo ba. Mutanen nan ba su da imani.

Baba Direba: Allah ya mayar masa da alheri. Amma Alhaji, labarin nan ai hujjata ce. Bai bincika ba shi ya sa aka same shi a titi. A Texas tun 2017 doka ta ce wanda ya kai kansa kotun JP ko ta birni da niyyar warware maganar kafin a kama shi, alƙali ya janye warantin rashin halarta. Kiran waya kuma ba ya kama kowa.

Alhaji Na Bronx: Direba ne zai koya mana doka? A bar masu karatu su yi magana.

Maman Ikram: Alhaji kana New York, shi yana bin hanyar nan kullum. Abin da ya faɗa daidai ne, sai dai ajin C kaɗai ya shafa. A ko B, ko babban laifi, ba a shiga kotu sai da lauya.

Gwanin Suya: A ɗaga bikin mana, amarya ba ta lalacewa. Ko ka turo min tikitin jirgin in wakilce ka, ni ko keke ban taɓa gudu da shi ba.

Hajiya Balki: Ku bar wasa. Kar ka yi gaggawar biya ta intanet: biyan tara amsa laifi ne, zai hau tarihin tuƙinka, inshora ta tashi. Sau da yawa kuma an ƙara tuhuma ta biyu ta saɓa alkawarin halarta, da tata tarar. Lauyan tikiti yakan tsaya maka a ɗage warantin, a ba da sabuwar rana, ya roƙi a jingine hukunci. Wajen dala 100 suke karɓa. Akwai kuma dala 30 na sakin lasisi, in an hana sabunta shi saboda rashin halarta.

Sadiq IT: Dala 100 a ina, Hajiya? In da waranti zai iya fin haka.

Baba Direba: Kuɗin lasisin ma 30 na da ne, daga 2020 ya koma 10. In an gama ka karɓi takardar janye waranti a rubuce, ɗaya a mota, ɗaya cikin fasfo, don kwamfuta takan makara.

Ɗan Fagge: To filin jirgi fa? Shi ne damuwata.

Maman Ikram: Dawowa ce abin dubawa, don jami'an CBP, masu kula da kan iyaka, suna duba sunan mai shigowa a NCIC. Ƙaramin waranti irin wannan ba kullum ake saka shi can ba, amma babu mai ba ka tabbaci daga waje. Gudu shi kaɗai ba ya taɓa katinka. In ka ga an haɗa da wata tuhuma, kar ka amsa komai sai ka ga lauyan shige da fice. Duk wanda kuma ya kira ka ya ce daga ofishin sherif yake, ka biya da katin kyauta, ɗan damfara ne.

Alhaji Na Bronx: Tunda ana maganar beli, ina kuɗin gaggawa da muke zubawa ƙungiya duk wata? Lokacin da aka kama ƙanin matata ma'aji ko waya bai ɗauka ba.

Hajiya Balki: Asusun na kai gawa gida ne, Alhaji, haka aka rubuta.

Alhaji Na Bronx: Wato sai mutum ya mutu yake zama ɗan ƙungiya? A kawo littafin kuɗi taron Lahadi mu gani.

Ɗan Fagge: Baba, kusa da Centerville nake zaton aka tsayar da ni. Wace gunduma ce?

Baba Direba: Leon. Tana da kotun JP fiye da ɗaya, ka tambayi wacce ke riƙe da sunanka.

Gwanin Suya: Taron Lahadin akwai abinci?