Me ya sa Japanawa ke darajanta karkataccen kwanon shayi?

Ummu Safiyya:
Assalamu alaikum. Na ga hotunan kwanonin shayin Japan da ake ajiyewa a gidajen tarihi, sai na lura da yawansu bakinsu a karkace yake, jikinsu kuma da kaushi, alhali tangaran ɗin masana'anta ya fi su santsi da daidaito. Shin mene ne ake gani a jikinsu?

Baban Khalil:
Wa alaikumus salam, Malama. Asalin abin tun ƙarni na 16 ne, zamanin Sen no Rikyu, gwanin bikin shayi da ya rasu a 1591. Shi ne ya fifita kwano marar ado a kan kayan alfarma na ƙasar Sin, har wani magini a Kyoto mai suna Chojiro ya riƙa gina masa kwanonin da ake kira Raku, waɗanda ake siffantawa da yatsu ba tare da faifan juyi ba. Kwanon ba shi da mariƙi, da hannu biyu ake tallafarsa, saboda haka tafin hannu da leɓe kan riga ido yanke hukunci.

Mai Yumɓu:
Wuta ma tana da nata rabon. Tukwanen Bizen, a lardin Okayama, ba a shafa musu ruwan ƙyalli. Ana gasa su da itace sama da mako guda, toka ta sauka a kafaɗar tulu ta narke, inda aka naɗa bambaron shinkafa kuwa ya bar jan zane. Maginin kansa sai ya buɗe tanderu yake sanin abin da ya samu.

Abu Hanif:
Malamai, ina da ɗan ja. Yanagi Soetsu, wanda ya kafa gidan adana sana'o'in gargajiya a Tokyo a 1936, ya koyar da cewa kyau yana tare da kayan yau da kullum da maginin da ba a san sunansa ba ya gina domin amfani. To amma kwanon shayin da ake kira Kizaemon, wanda aka gina a Koriya kuma Yanagi ya yaba, yanzu dukiyar ƙasa ce a haikalin Daitoku-ji, an killace shi. Abokin Yanagi, magini Hamada Shoji na garin Mashiko, a lokacin rayuwarsa ba ya sa hannu a tukwanensa, sai dai yakan sa a akwatinsu, kuma hakan ya isa ya ɗaga farashi. Kwanon da ake tsoron zuba wa shayi, a ganina, ya bar aikin da aka yabe shi a kansa.

Ummu Safiyya:
Na gode ƙwarai. Malam Abu Hanif, yanzu a Mashiko ana samun na amfanin gida kuwa?

Abu Hanif:
Ana samu, Malama, musamman a kasuwar tukwane da garin ke ci sau biyu a shekara.