Neman shawara: GP ko U-Net don ware ƙwayoyin jini a hoto?

Ɗalibi daga Ringim: Assalamu alaikum. Ina aikin digiri na biyu a kan ware jajayen ƙwayoyin jini da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a hotunan da nake ɗauka da waya ta bakin maikuroskof a asibitin ƙauyenmu. Hotunan da aka shata wa iyaka da hannu kaɗan ne, kwamfutata kuma ba ta da katin GPU, wato na'urar da ke hanzarta lissafi mai nauyi. Hankalina ya karkata ga dabarar GP (genetic programming), inda kwamfuta ke jera matakan tace hoto iri-iri, ta gwada kowane jeri da shatar ƙwararre, ta zubar da marasa kyau, ta gauraya masu kyau su haifi sababbi har a dace. Shin in bi wannan, ko in bi U-Net, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke koyon ware abubuwa a hoto, kamar kowa?

Injiniya Gumel: Wa alaikumus salam. Ka nemi kwamfuta mai GPU kawai ka huta. Ƙanena ya sayi ta hannu a Kano a kan naira dubu 450.

Abban Khadija: Injiniya, wannan farashin na da ne. A watan jiya an yi mini kuɗin irinta dubu 800, kuma batirinta ya fara gajiya.

Hajiya mai ɗakin gwaji: Ɗana, ka bar maganar kwamfuta tukuna. Wani ɗalibi ya taɓa zuwa wurina da irin wannan aiki, na riƙa zama bayan an tashi ina zagaye masa ƙwaya ɗaya bayan ɗaya har idona ya fara ruwa. Manhajarsa ta yi kyau a kan gilasan farko. Da ruwan haɗi mai ma'aunin tsami (pH) 7.2 ya ƙare aka koma haɗa rinin Giemsa, wanda ake rina jini da shi don a ga ƙwayar cuta, da ruwan rijiyar burtsatse, sai launi ya sauya, manhajar ta shiga ƙirga dattin rini da ƙwayoyin daskarar jini a matsayin cuta. Maimakon ya tambaye ni dalili, sai ya je gaban malamansa ya ce shatar da na yi ce ba ta da kyau, kuma ko sunana bai saka a shafin godiya ba. Har yau idan na tuna abin yana ci mini rai.

Malam na Ɗambatta: Allah ya ba da haƙuri, Hajiya. Labarinki ma hujja ce ga GP, domin abin da take fitarwa jeri ne da mutum zai iya karantawa: raba launi, gusar da dusu-dusu, yanka irin na Otsu (raba wurare masu haske da masu duhu a hoto), sannan raba ƙwayoyin da suka manne. Idan launi ya sauya, za a ga matakin da ya karkace, abin da ke da wuya a U-Net ta 2015 mai miliyoyin lambobi. John Koza ya shimfiɗa dabarar GP a littafinsa na 1992, kuma a 2023 masu bincike a Tulus ta Faransa sun fitar da manhajar GP mai suna Kartezio, wadda ke koyo daga hotuna ƙalilan. Sai dai kada ka dogara da hotuna 27,558 na NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, da aka samo daga Citagon ta Bangaladesh, saboda an riga an yanke kowace ƙwaya daban.

Injiniya Gumel: Malam, ka taɓa gudanar da ita da kanka, ko karantawa ka yi? Masu jarrabawa U-Net suka sani.

Malam na Ɗambatta: Kai ma ai kwamfutar ƙanenka ka kawo mana. A nan Hajiya ce kaɗai ta zauna gaban maikuroskof.

Abban Khadija: Tun da manhajojin haihuwa suke yi, ɗalibi ya tanadi dusa da turke.

Hajiya mai ɗakin gwaji: Ku yi ta dariya. Ni damuwata ita ce fitilar maikuroskof ɗinmu, wadda ke dushewa da zarar batirin sola ya yi ƙasa bayan la'asar, hoton safe da na yamma su fito kamar ba gilashi ɗaya ba. Mun rubuta takarda a canza batirin tun kafin damina, har yanzu shiru.

Ɗalibi daga Ringim: Na gode. Amma Malam, shin GP ɗin za ta iya gamawa a kwamfutata cikin dare ɗaya?

Abban Khadija: Hajiya, naku batirin tubula ne ko litiyam? Namu ma haka ya yi, kuma wanda ya haɗa mana ya daina ɗaga waya.