Da wace kalma ake kiran mayen mulki da mai ji da kansa a Turanci?

Dalibar_Adabi:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah masu Turanci ku taimaka min, gajeren labari nake rubutawa kuma akwai wani mutum a ciki, shugaban kamfani ne da giyar mulki ta bugar, ba ya son kowa ya ɗaga kai a gabansa kuma duk hirar da aka fara sai ya juyo da ita kansa. Selfish da proud kawai na sani, na maimaita su har sun gundure ni kuma a jina ba su kama shi ba sam.

Malam_Nahawu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ai hali biyu kika haɗa, kowanne da kalmominsa. Mai kwaɗayin mulki dai power-hungry ne, ita ce mai sauƙi kowa zai gane. In abin ya kai yana ganin duniya ba za ta tafi ba sai da shi to megalomaniac ke nan, daga Girkanci take, girma da hauka aka haɗa, don haka tana da nauyi, kar ki jefa ta ga ƙaramin manaja mai tsawa kawai. Shi wannan control freak ya ishe shi, wato wanda komai ƙanƙantarsa sai ya sa hannu. In kuma ta ƙarƙashin ƙasa yake bi, yana haɗa mutane faɗa don ya hau, sai ki ce Machiavellian, daga sunan wani ɗan Florence ne a Italiya, Niccolò Machiavelli, da ya rubuta littafi kan dabarun riƙe mulki a 1513.

Mai_Karatu:
Malam ya gama da ɓangaren mulki, bari in ƙara na son kai. A kula da egoist da egotist, harafi ɗaya ne tsakaninsu amma ba ɗaya ba ne. Egoist amfanin kansa yake sawa gaba ko da shiru-shiru ne shi, egotist kuwa shi ne mai ni na yi, ni na ce, ba ya gajiya da ba da labarin kansa. Mutumin naki egotist ne tunda kin ce yana kwace hira. Akwai kuma self-absorbed ga wanda ba ya tunanin kowa sai kansa, conceited ga mai ji da kansa, da pompous ga mai kumbura yana magana kamar sarki.

Anti_Likita:
Na ga ba wanda ya kawo narcissist, kuma na san ita za a fi ba ki shawara a intanet. Daga tatsuniyar Girkawa take, saurayi Narcissus da ya hango fuskarsa a ruwa ya kamu da son kansa. Amma wallahi yadda ake watsa ta yanzu yana damuna, kowa ya ɓata da wani sai ya liƙa masa. Tun 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa ta cikin jerin larurorin ɗabi'a da ake tantancewa, mai ita yana da yunwar yabo kuma ba ya jin zafin wasu. A labari babu laifi, amma ki nuna alamun a aikace, misali ma'aikaci ya ce mahaifiyarsa na asibiti shi kuma ya ci gaba da zancen lambar yabon da ya samu.

Dalibar_Adabi:
Na gode sosai, Allah ya saka. Egotist zan sa a bakin ma'aikatansa, megalomaniac sai can ƙarshe in ya fara korar mutane. Anti wannan misalin na asibiti zan iya ɗauka?

Anti_Likita:
Ɗauki abinki ƴata.