Wane suna za mu ba "dessiccateur" da Hausa?

Salamu alaikum makanikai da direbobi, da malaman harshe in kuna kusa. Garejina yana nan Yamai, wajen Wadata, manyan motocin fasinja masu birkin iska muke gyarawa. Shekaranjiya na aiki yarona ya sayo mini dessiccateur. Sunan ya ƙi zama a bakinsa, sai na ce masa, to ka ce matatar iska ta birki. Bayan awa biyu ya dawo rungume da matatar iska ta inji, wadda ke tare ƙura. Ban yi masa faɗa ba, laifina ne. Shi ya sa na kawo maganar nan.

Ga wanda bai san abin ba: kwampireso yana zuƙo iskar waje ya matse ta, ta fito da zafi. Tana hucewa, danshin da ke cikinta sai ya zama ruwa. Abin da muke nema wa suna yana zaune tsakanin kwampireso da tankunan iska, cikinsa cike da 'yan ƙwayoyi kamar tsabar gero, su ke shanye danshin kafin iska ta wuce. In tanki ya cika, wajen bar 8 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iska) a tsofaffin motocin da muke samu, sai ka ji "fushsh" a ƙarƙashin mota. Shi ne ke fesar da abin da ya tara. Maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, atishawa yake kiran wannan ƙara. In mota ta daina atishawa, ya ce ba ta da lafiya.

Wani malamin makaranta ya amsa: Maigida, tunda busar da iska yake yi, me zai hana a ce mabusar iska?

Malam, na gode, amma a rubuce ba ta da bambanci da busa ta algaita. Yaro zai je ya kawo mini oda.

Wani direba daga Tawa: Ni hwa da za a bi tawa, sha-raɓa za a ce. Ruwan da ke taruwa cikin tanki da sahe ai raɓa ce.

Alhaji, ka yi kusa ƙwarai, sai dai sunan yana da mai shi. Sha-raɓa ai tsokar bayan ƙafa ce, ƙasa da gwiwa. In na ce wa mai mota sha-raɓarka ta lalace, asibiti zai nufa.

Wani ɗan uwa makanike: Ku bar shi yadda yake, desikater. Birki ma ai aro ne, ba wanda ya mutu.

Gaskiya ne abokina, kuma ba ni da rigima da aro. Birki gaɓa biyu ce, ta kwanta a harshe tun zamanin kakanni. Wannan kuwa a garejina kaɗai na ji an faɗe shi iri uku, ba wanda ya dace da na takarda. Dubi kuma abin da ya faru da poumon de frein. Ba wanda ya zauna taro, haka kawai muka wayi gari muna cewa huhun birki, kuma duk yaron da ya ji sunan ya san iska ke shiga ta tura fatar roba, fatar ta tura sanda. Sunan ya yi rabin koyarwa. Irin wannan nake nema.

Dalilin da ya sa na dage, direbobi da yawa ba su san aikin abin ba, shi ya sa ba sa kula da shi. A ƙarƙashin kowane tanki akwai ɗan zobe. Da safe, iska na cike, ka ja shi. In iska zalla ta fito, lafiya lau. In ruwa ya biyo, ƙwayoyin sun ƙoshi, a canza. In kuwa wani abu mai kauri ya fito kamar kunu, baƙi-baƙi da maiƙo, to kwampireso ke tura mai, canza wannan kaɗai asarar kuɗi ce. A daminar bara, cikin Agusta, an kawo mini wata mota da ke jigila tsakanin Yamai da Tawa, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, hanya fiye da kilomita 500. Na ja zoben, ruwa ja wur na tsatsa ya wanke mini hannun riga har gwiwar hannu. Ruwan nan yana cinye wurin iska a tanki, yana kuma sa bawul tsatsa har ya maƙale. Na tambayi direban yaushe rabonsa da jan zoben. Ya ce wane zobe?

Sauran gwajin kowa ya sani: a kashe inji, a taka birki a riƙe minti ɗaya ana kallon allurar agogon iska. In tana sauka ana gani, a bi tiyo da mahaɗai da ruwan sabulu, inda kumfa ta taso nan ne yoyon.

Malamin ya dawo: To a ɗauki ginin Alhaji a canza masa wutsiya. Sha-danshi. Ginin Hausa ne tsantsa, irin na sha-kallo da sha-yanzu.

Na juya kalmar a baki. Sha-danshin motar nan ya mutu. Kawo sabon sha-danshi. Ta zauna, kuma namiji ne, ba gardama. Wani ya ce laima ta fi danshi, amma laima tana kai hankali ga abin tare rana da ruwa.

Direban Tawa: Na yarda, amma a rubuta cewa rabin sunan nawa ne.

An rubuta, Alhaji. Yau da safe na ɗauki alli na sa SHA-DANSHI a jikin kwalin tsohon, na ba yaron ya tafi da shi kasuwa, don mai shagon bai ji labari ba tukuna. Saura régleur, wanda ke cike giɓi in fatar birki ta ci. Wa ke da suna?