Wai me za mu kira "epic" da Hausa?

Jama'a don Allah ku taya ni. Jiya da daddare na sake kallon fim ɗin Umar Mukhtar, wato Lion of the Desert na 1981 wanda Moustapha Akkad ya shirya, sai ƙanena ya tambaye ni wai mene ne epic da ya ga an rubuta a bayanin fim ɗin, wallahi na buɗe baki na rasa kalmar da zan ba shi.

Da farko na ce almara, sai na ga ban kyauta ba, almara ai ƙagagge ce, shi kuwa Umar Mukhtar mutum ne da aka yi, malamin Alƙur'ani da ya kwashe kusan shekara 20 yana gwabzawa da sojan Italiya a Libiya har suka kama shi suka rataye shi a Suluk ran 16 ga Satumba 1931 a gaban dubban mutanensa, yana da shekara 70 da ɗoriya.

Wani abokina ya ce a sa bakandamiya. Ta yi daɗin faɗa kam, amma bakandamiya ai waƙar da ta fi duk sauran waƙoƙin mawaƙi ce, kamar ta Narambaɗa, ka ga kenan matsayin aiki take nunawa ba irinsa ba.

Fim ɗin yaƙi kuma ya yi kaɗan. Ku tuna wurin nan da mayaƙan suka ɗaure ƙafafunsu da igiya don kada ma zuciya ta raya musu gudu, ga tankokin Janar Graziani, kwamandan sojan Italiya, na tahowa cikin rairayi su kuma daga bindiga sai dawaki, ko ƙarshe da tabaraun tsohon ya faɗi ƙasa wani ɗan yaro ya ɗauka, ni dai duk sanda na zo wurin sai idona ya ciko. Italiya ma ta hana nuna shi a 1982 wai ya zubar da mutuncin sojanta, sai 2009 aka haska shi a talabijin ɗinsu.

Ni inda na tsaya shi ne fim ɗin mazan jiya. Da ka faɗa Bahaushe ya ji tarihi, ya ji fagen daga, ya ji gwarzon da al'umma ke tinƙaho da shi, ƙanen nawa ma ina faɗa ya gyaɗa kai bai nemi ƙarin bayani ba. Abin da bai fito ba shi ne tsawo da girman aikin, fim ne na kusan awa 3, shi ya sa nake tunanin ƙara gagarumi a gaba, gagarumin fim ɗin mazan jiya. Ya yi tsawo ne ko a bar shi haka?