Wuyana ya ƙi juyawa tun haɗarin Kwanar Dangora

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Yau kwana 9, muna dawowa Kano daga Zariya, bikin ƙanwar maiɗakina ne, da ma ban so zuwa ba sai da surukata ta yi ta aike. Mun rage gudu bayan wata tirela a Kwanar Dangora sai wata Sharon ta dako mu ta baya. Ko ƙwarzane ban yi ba, na fito da ƙafata, har na yafe wa direban don dattijo ne. Washegari na tashi wuya ya sandare, ciwon kai daga ƙeya. An ɗauki hoto, an ce ƙashi lafiya lau. To me ke ciwon? Na sayi abin ɗaure wuya a kemis, dare da rana yana jikina.

Ɗan Kwari: Targaɗe ne, malam. Hoto ba ya ganin targaɗe. Ka sami mai ɗori ya ja maka shi sau ɗaya, shi ke nan.

Ma'aikaciyar jinya: Don Allah kada ka bari kowa ya ja maka wuya. In an daki mota ta baya, kai yakan fizgu baya sannan gaba, tsoka da jijiyoyi su ji rauni, su kuwa ba sa fitowa a hoton ƙashi. Ciwon ya fara washegari ba abin mamaki ba ne. Yawanci yakan lafa cikin wata 2 zuwa 3. Abin wuyan nan kuma ka cire, daɗewa da shi na ƙara sandarewa. Ka riƙa juya kai a hankali, ka sha farasitamol.

Uwar biyu: Yafewar ce ta ba ni haushi. Mu ma haka maigida ya yafe wa wani mai tifa, har yau mu ke biyan magani, ko sannu bai dawo ya yi ba.

Mai tambaya: Hajiya, mutumin sa'an babana ne. Abin wuyan kuma in na cire ji nake kaina zai faɗi. Shi ne ma yake rage min dindirisin yatsun hannun hagu.

Ma'aikaciyar jinya: Wane dindiris kuma? Ai da shi za ka fara! In yatsu na mutuwa ko hannu ya yi sanyi, ƙila jijiya ce ta danne. Ka tafi asibitin ƙashi na Dala gobe da safe, ka faɗa musu wannan.

Ɗan Kwari: Su ce sai an yi hoton MRI, mai nuna har jijiyoyi, ka sayar da motar ka biya. Ni sau 2 ina haɗari, man zafi da mai ɗori kawai, ga ni nan a kasuwa.

Mai tambaya: Na gode duka. Gobe dai akwai kaya da zan kai Hadeja, bari in dawo tukuna. Alhaji, mai ɗorin naka a wace unguwa yake?